Amrish Puri, bos ɗin da ya yi kusan shekara 20 yana jiran kyamara

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Jos ko Maraɗi a zamanin kaset ya san tambayar da ake yi a ƙofar gidan kallo kafin a miƙa kuɗi, waye jarumin, waye bos. In dai aka ce bos ɗin Mugambo ne to magana ta ƙare, ko jarumin sabon yaro ne da ba wanda ya sani haka za'a cika benci, saboda kowa ya san yau jarumi zai ji jiki kafin ya kai labari. Da yawanmu sai da muka girma sannan muka san sunansa na yanka Amrish Puri, kuma har yau in ka ce Amrish Puri wani sai ya tsaya tunani, amma kana cewa Mugambo zai ce au, mai idon nan.

Toh abinda nake so mu duba shi ne daga ina wannan kwarjinin ya fito, don mutane suna ɗauka halitta ce kawai, Allah ya bashi manyan idanu da murya kamar tsawa shikenan. Halittar tana nan ba musu, amma masu manyan idanu da ƙatuwar murya sun fi a ƙirga a Bombe kuma ba wanda ke tuna su. Ni abinda na fahimta shi ne mutumin nan dandamali ne ya gasa shi tun kafin kyamara ta kalle shi, sannan duk tsawon rayuwarsa abu guda ya ƙware a kai, wato fitowa a mutumin da ya saba in ya yi magana ba'a musa masa. Wani lokaci wannan mutumin azzalumin mai gari ne, wani lokaci lauya, wani lokaci uban yarinya, amma jijiyar ɗaya ce.

Kafin nan bari mu fahimci irin aikin. A masana'antar fim akwai jarumi, shi fuskarsa ake saidawa, kuma yawanci kansa yake fitowa a kowane fim, sunan kawai ake canja masa. Sannan akwai ɗan wasan da aikinsa shi ne ya ɓace cikin wani mutum daban, yau alƙali gobe boka jibi tsohon soja, ba shi ake wa waƙa ba, ba shi ke auren yarinyar ba, sau da yawa ma sunansa sai can ƙasan fasta. Amma ka cire shi ka gani, jarumin sai ya zama kamar ɗan dambe a fili babu abokin karawa. Girman jarumi gwargwadon girman wanda ya tsaya masa a gaba ne, shi yasa furodusoshin Indiya suka daɗe suna biyan bos mai kyau kuɗi masu kauri.

An haifi Amrish Puri ranar 22 ga Yuni 1932 a Nawanshahr da ke Punjab, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. Gidansu ba baƙin harkar ba ne, yayyensa biyu Chaman Puri da Madan Puri duk 'yan fim ne, Madan ma ya yi suna sosai a fitowa a mugu, sannan mawaƙin nan kuma ɗan wasa K. L. Saigal ɗan uwansu ne. Kaga mutum zai zata hanya a share take. Ya sauka Bombe cikin shekarun 1950 da burin zama jarumi, aka yi masa gwajin kyamara ya faɗi, saboda a lokacin jarumi shi ne mai laushin fuska irin su Dilip Kumar da Dev Anand, shi kuwa fuskarsa a murtuke take, muryarsa kuma ta yi kauri da yawa ga mai zuwa zance. Sai ya nemi aikin gwamnati ya samu a hukumar inshorar ma'aikata da ake kira ESIC, kuma nan ya zauna kusan shekara 20, har ya yi aure a 1957 ya fara tara iyali da albashin wata.

Wannan shekarun su ne ainihin labarin a wajena, kuma su ne aka fi tsallakewa. Da rana yana ofis, da yamma yana wajen bitar wasan dandamali. A farkon shekarun 1960 ya shiga hannun Ebrahim Alkazi, wani babban malamin dirama wanda mahaifinsa Balaraben Saudiyya ne, shi ne daga baya ya koma Delhi ya shugabanci makarantar dirama ta ƙasa. Da Alkazi ya tafi sai Puri ya faɗa hannun Satyadev Dubey, mutumin da aka sani da tsanani kan lafazi da furta harshen Hindi daidai, kuma shi Puri ya riƙe a matsayin malaminsa har ƙarshen rayuwa. A ƙarƙashinsa ya fito a makahon sarki Dhritarashtra cikin wasan Andha Yug, ya yi wasannin manyan marubuta irin su Girish Karnad da Vijay Tendulkar, har a 1979 aka bashi lambar Sangeet Natak Akademi, wadda tana cikin mafi girman karramawar da ake wa ɗan wasan dandamali a Indiya. Ka lura da shekarar, 1979, saura shekara 8 kenan a san wani abu wai shi Mugambo.

Me dandamali ke koya wa mutum wanda kyamara ba ta koyarwa? Na farko murya. A dandamali babu wanda zai matso da kyamara kusa da bakinka, mutumin da ke kujerar ƙarshe shi ma ya biya kuɗinsa kuma dole ya ji ka ko da raɗa kake, don haka sai ka koyi fito da sauti daga ciki ba daga maƙogwaro ba, ka koyi inda za ka ja numfashi, ka koyi cewa shirun da ke tsakanin kalma biyu shi ma magana ce. Na biyu jiki, yadda za ka shigo, yadda za ka zauna, abinda za ka yi da hannunka lokacin da wani ke magana. Na uku kuma babu a yanke a sake, in ka fara sai ka kai ƙarshe, awa biyu kana cikin mutum ɗaya. Ka koma ka kalli duk wani fim nasa da wannan a ranka za ka ga abin mamaki, ba ya yawan motsi. Sauran bosawa suna ta safa da marwa suna wurgi da kofi, shi sai ya tsaya cak, ya juyo da kai a hankali, ya bari ka jira, sannan ya saki maganar. Tsoron a cikin jiran yake. Kuma da yake finafinan Indiya na wancan zamanin ba'a ɗaukar murya a lokeshin, sai an gama a shiga situdiyo a ɗora, mai irin horonsa yana samun damar gina kowace kalma a natse, wanda bai da horo kuwa a nan asirinsa ke tonuwa.

Fim bai buɗe masa ƙofa ba sai yana dab da shekara 40. Ya ɗan leƙo a Prem Pujari a 1970, sai Reshma Aur Shera na Sunil Dutt a 1971, fim ɗin da Amitabh Bachchan, shi ma lokacin ba kowa ba, ya fito a bebe. Waɗanda suka fara gane darajarsa ba masu finafinan rawa da waƙa ba ne, daraktocin nan ne masu yin fim don nuna halin talaka, waɗanda dama daga dandamali suke ɗebo 'yan wasansu. Girish Karnad ya sa shi a Kaadu cikin harshen Kannada a 1973, sai Shyam Benegal ya ɗauke shi a jere, Nishant 1975, Manthan 1976, Bhumika 1977. A Nishant shi ne babban wa a gidan masu ƙasa da suka mallake ƙauye, ƙannensa suka sace matar malamin makaranta kuma ba wanda ya isa ya ce uffan. Babu kayan ado na ban tsoro, babu dariyar mugunta, mutum ne kawai zaune a gidansa da ya san ɗan sanda nasa ne, kuma wallahi wannan ya fi Mugambo tayar min da hankali don irinsa kana iya gamuwa da shi a zahiri. Manthan kuwa, wanda manoma dubu 500 na Gujarat suka haɗa rufi biyu-biyu aka shirya shi, nan ya fito a ɗan kasuwar da ke sayen madarar talakawa a wulaƙance yana ɗaure su da bashi. A Ardh Satya na 1983 ya zama uba ɗan sanda mai dukan matarsa wanda ya tilasta wa ɗansa shiga aikin da ba ya so, ɗan kuma Om Puri ne, kuma a nan bari in gyara wani kuskure da ake yawan yi, sunan ne kawai ya haɗa su, ba wa da ƙani ba ne.

Kasuwa ta waiwayo shi da Hum Paanch a 1980, daga nan darakta Subhash Ghai ya riƙe shi, Vidhaata, Hero, Meri Jung, Ram Lakhan, abin ya ɗore har ƙarshen rayuwarsa. A tsakani Turawa suka gan shi, ya fito a Gandhi na 1982 a ɗan kasuwa Musulmi mai mara wa Gandhi baya a Afirka ta Kudu, sannan Steven Spielberg ya bashi Mola Ram a Indiana Jones na 1984. Don wannan rol ɗin ya aske kansa ƙwal, kuma ya ci gaba da zama a haka, abin da ya zame masa jari, tunda kai mara gashi kowane irin gashin roba ko rawani ko hula aka ɗora masa sai ya zauna, ya koma wani mutum.

Sai 1987, Mr. India, Shekhar Kapur ne darakta, Boney Kapoor furodusa. Anupam Kher da bakinsa ya faɗa cewa shi aka fara ba rol ɗin Mugambo, bos ɗin fim ɗin, kafin a canja. In ka cire son rai, Mugambo a rubuce abin dariya ne, mutum mai farin gashin roba da riga mai zaren zinare, zaune a tsibiri da makamai masu linzami da ramin ruwan guba, fim ne da aka yi shi da yara a rai. Ɗan wasan da bai san aikinsa ba zai yi shi yana kashe wa 'yan kallo ido, alamar ku ma kun san wasa muke. Shi bai yi haka ba, ya ɗauki Mugambo da gaske ɗari bisa ɗari, kamar yadda zai ɗauki sarki a dandamali. Jimlar nan tasa guda ɗaya da kowa ya haddace, mai nufin Mugambo ya ji daɗi, ka saurara da kyau, ba ya faɗarta iri ɗaya sau biyu, wani lokaci da nishi, wani lokaci da gargaɗi, wani lokaci kamar yaron da aka ba alewa. Wannan aikin mai bitar wasa ne.

Gaskiya kuma a faɗa, ba duk abinda ya yi ne mai kyau ba. Ya fito a fim sama da 400, har da na Telugu da Tamil da Malayalam, kuma a shekarun 1980 tsarin Bombe shi ne ɗan wasa ya yi lokeshin biyu ko uku a rana ɗaya, safe yana wannan situdiyo yamma yana wancan, wani lokaci sai ya iso ake miƙo masa maganar da zai faɗa. A irin haka dole a samu finafinai rututu da ba'a nemi komai a wajensa ba sai ya zaro ido ya daka tsawa, kuma ya yi su, ya karɓi kuɗinsa. Ni ban ga laifin mutumin da ya kai shekara 40 yana jiran albashi ba don ya ƙi sakin dama, amma dai asara ce, mai iya Nishant a ce rabin aikinsa kwafin kansa yake.

Abin da ya fi ja min hankali shi ne yadda ya tsallake canjin da ya binne sauran bosawa. Bos a fim ɗin Indiya kullum hoton abin da jama'a ke tsoro ne a lokacin. A shekarun 1950 mai bada bashi da ruwa ne da mai ƙasa, a 1970 ɗan fasa-ƙwauri ne da ɗan fashin daji irin Gabbar na Amjad Khan, a 1980 gurɓataccen ɗan siyasa ne da maƙiyin ƙasa mai samun makamai daga waje. Bayan 1991 da Indiya ta buɗe tattalin arziƙinta, kuɗi ya daina zama abin zargi a fim, Indiyawa mazauna Ingila da Amurka suka zama babbar kasuwa, labarai suka koma soyayya da biki da gidajen masu hali. Ga kuma jarumai sun fara cin abincin bos da kansu, Shah Rukh Khan ya yi Baazigar da Darr duk a 1993. To a labarin soyayya wa zai tsaya wa jarumi a gaba? Uban yarinya. Kuma wa ya fi iya mutumin da ba'a musa masa?

Ka duba 1995 kawai. A Karan Arjun shi ne Durjan Singh, mai kashe dangi saboda gado, bos na asali. A shekarar dai, tare da Shah Rukh da Kajol ɗin dai, ya fito a Baldev Singh cikin Dilwale Dulhania Le Jayenge, mai kanti a Landan da ke watsa wa tattabaru hatsi yana kewar Punjab, wanda ya yi wa amininsa alƙawarin zai aura wa ɗan aminin 'yarsa tun tana jaririya. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya yi shekaru a ƙasar wasu yana tsoron kar 'ya'yansa su suɓuce masa, kuma duk Bahaushen da ya san nauyin kalmar na riga na bada ita ya gane shi nan take, ina ganin shi yasa fim ɗin ya zauna mana sosai. Idanun da yake zarowa a nan su ne dai na Mugambo, kuma darakta Aditya Chopra ya san da haka, ya san mun shigo da tsoron mutumin tun daga wasu finafinai. Shi yasa a tashar jirgin ƙasa, lokacin da ya riƙe hannun 'yar tasa gam sannan ya sake shi, abin ya yi nauyi haka. Da wani mai sanyin fuska ne ya saki hannun ba wanda zai ji komai, dama an san zai saki.

Daga nan ya nuna ɗaya ɓangaren gaba ɗaya. A Ghatak na 1996 shi ne tsohon ɗan gwagwarmayar neman 'yanci da ciwon daji ya kama a maƙogwaro, wanda bos ɗin fim ɗin, Danny Denzongpa, ya wulaƙanta a bainar jama'a, mutumin da ya shekara yana taka wasu yau shi ake takawa, kuma ka ji zuciyarka ta karye. A Virasat na 1997 ya ɗauki rol ɗin da Sivaji Ganesan ya yi a asalin fim ɗin na Tamil, dattijon gari mai jiran ɗansa ya dawo daga karatu ya karɓi nauyi. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba, lambar yabo ta finafinan Indiya da ake kira Filmfare sau uku ya ci, Meri Jung da Ghatak da Virasat, dukkansu a rukunin mataimakin jarumi. Rukunin gwarzon mugu da aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1990 an sha sa sunansa a ciki amma bai taɓa ɗauka ba ko sau ɗaya.

Akwai wani gefen da bai kamata a rufe ba, ɗan wasa irinsa sau da yawa shi ake ɗora wa ƙiyayyar marubuci. Indiana Jones ɗin nan gwamnatin Indiya ta ƙi yarda a ɗauke shi a ƙasarta saboda yadda ya nuna Indiyawa da addininsu, sai Siri Lanka aka je aka yi, kuma fuskar Puri ce ta zama tambarin wannan hoton a idon duniya. Haka a Gadar na 2001 da ya fito a Ashraf Ali, uban yarinya ɗan siyasa a Lahore, fim ɗin ya yi kasuwa ba kaɗan ba amma ni a matsayina na Musulmi akwai wuraren da ban ji daɗin yadda aka zana mutanen wancan ɓangaren ba. Ya yi ƙoƙarin sa wa mutumin zuciyar uba, ana gani, sai dai ɗan wasa ba shi ke rubuta labari ba, iyakarsa ya cika abin da aka zana masa, kuma ƙwarewarsa tana ƙara wa saƙon kaifi ko mai kyau ne ko mara kyau.

In na kalli namu finafinan nan ne abin ke damuna. Masana'antarmu ma daga ƙungiyoyin dirama ta fito, 'yan Tumbin Giwa ne suka yi Turmin Danya a 1990, kafin su kuma akwai irin su marigayi Kasimu Yero da Samanja da suka gogu a wasan rediyo da talabijin. Muna da dattawa masu murya da kwarjini har yanzu, amma me ake rubuta musu? Alhaji ya zauna a falo, ya ce na yanke hukunci, ya tashi ya shige ɗaki, sin biyu an sallame shi. Mun ɗauko rawa da waƙa da soyayyar mutum uku daga Indiya, mun bar wannan darasin na cewa uban ma mutum ne mai tarihi da tsoro da dalili. Sannan dandamalin da ke horar da irin waɗannan 'yan wasa ya yi sanyi, in ba a sashen koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'i irin ABU Zariya ba da wuya ka ga inda matashi zai yi wata uku yana bitar rol ɗaya.

Yaran yanzu kuma yawanci a fassarar Hausa suka san shi, kuma ina jin daɗin fassarar nan, ta kai fim inda bai taɓa zuwa ba, har kakanninmu suna bin labari. Amma a kan Amrish Puri kam an yi rashi, don an cire muryar an bar idanun, rabin aikin kenan ya tafi. Dan Allah wanda bai taɓa jin sa da harshensa ba ya nemi Ghatak ko Virasat na asali ko da ba ya jin Hindi, ya saurari yadda muryar ke sauka in yana magana da ɗansa.

Ya rasu ranar 12 ga Janairu 2005 a Mumbai, wato Bombe, yana da shekara 72, bayan fama da wata cutar jini da ta kai ga zubar jini a ƙwaƙwalwa. Har jikin ya fara gazawa bai bar zuwa lokeshin ba, a 2004 kaɗai an gan shi a Aitraaz da Hulchul da Mujhse Shaadi Karogi, biyu daga ciki ma barkwanci yake yi. Kisna na Subhash Ghai ya fito cikin watan da aka yi rashinsa, littafin tarihin rayuwarsa kuma sai a 2006 aka buga shi.